Rigar Zuwa Gaban Alƙali

Ni 'yar masunta ce daga Goronyo. Gidanmu ba a taɓa sayen mutum ba, ba a kuma taɓa sai da kowa ba. Da wanga girman kai nawa anka kawo ni Wurno gidan miji, kuma ban aje shi bakin ƙofa ba, da shi nish shiga.

Maigidana dillalin riguna ne a kasuwar Wurno, zamanin da Sarkin Musulmi ke zamne garin, fatake na shigowa ta kowace ƙofa. Da can bawa ne. Tun shina yaro anka kamo shi daga kudu, wani attajiri yas saye shi. A gidan attajirin yat tashi, shina ɗaukar mashi kaya zuwa kasuwa, har yaz zo ya hi ubangijin nai sanin riga. Da yag girma, attajirin yat tara mutane a zaurenai, yac ce ya 'yanta shi don Allah. Anka rubuta takarda, anka raba goro. Bayan wannan ne yaz zo neman aurena. Sau uku babana na tambaya tai, "Ɗa kake ko bawa?" Sai da anka miƙa mashi takardar yaj juya ta sama da ƙasa, shi da ko alif bai sani ba, kana yay yarda.

Takardar ba ta daɗe ba. Shekarar da gulbi yac cika yash shigo gari, ɗakinmu ya faɗi a kan kayanmu. Da munka tono jakar fatar da take ciki, ruwa ya wanke tawadar sarai. Dariya ma munka yi. Wa zai tambaye mu takarda, ga attajirin da rainai, ga gari duk an sani?

Mutum ne mai tsari wajen sa riga, har abin kan ba ni haushi. Cikin gida da gona, taguwa. Ranar kasuwa, farar riga marar ɗinki, wankakkiya. In zai gana da fatake masu kawo alharini, sai shi sa saƙi mai ɗan ɗinki a wuya, don shi kan ce baƙo ba ya sakar maka kayanai in ya gan ka cikin tsumma. Gaisuwar mutuwa, fara ce, da hula, ba rawani. In kuwa wurin wani babba zai tahi neman wani abu, sai ya aika an dubo mashi irin rigar da babban ke sawa, shi kuma shi zaɓi wadda ba ta kai ta ba.

Na sha yi mashi ba'a kan wannan. In ce, "Maigida, ko amarya ba ta kai ka daɗewa gaban adaka ba."

Shi ce, "'Yar masunta, ku da duk garinku bante ɗaya kuke karɓa-karɓa, mi kinka sani? Wanda za ki roƙa, kada rigarki ta hi tashi. Tun kahin ki buɗe baki ya gama amsa miki."

Akwai riga guda da ta hita daban, kuma aikin hannuna ce. Shekara uku ina kaɗi, zare siriri irin wanda ba kowace mace ke iyawa ba, ni kuwa na iya, a tambayi duk unguwarmu. Anka kai ma masaƙi, anka haɗa da zaren tsamiya mai tsada, mai ɗinki yad ɗauki damina biyu shina zuba mata aska takwas daga wuya har cibiya. In an shimhiɗa ta, ta kan cika tabarma biyu. Sau uku kacal yas sa ta: Sallah biyu da sunan 'yarmu ta fari. Kowane karo sai na yi ta roƙo, shina cewa ta hi ƙarhin dillali.

Attajirin yar rasu da kaka. Babban ɗanai, wanda ke zamne Rabah, yaz zo rabon gado, yat tarar magada sun yi yawa, dukiya kuwa ba ta kai yadda ake zato ba. Ba a yi wata guda ba sai ga ɗan aike daga gidan alƙali. Ɗan marigayin ya kai ƙara, ya ce maigidana bawan babansu ne, ba a taɓa 'yanta shi ba, sakin shi kawai anka yi shi riƙa ciniki, don haka shina cikin gado.

Tun da babu takarda, sai shaidu biyu maza. Cikin waɗanda sunka zamna zauren ranar da anka 'yanta shi, biyu kaɗai sunka rage da rai. Ɗaya limamin unguwa. Ɗayan wani tsoho ne maƙwabcin marigayi, mai tuhkar igiya. Ɗan babban gida ne, ubanai ya yi jihadi, amma duniya ta juya mashi baya. Rigatai guda ce, shuɗiya da ta koɗe, an yi mata faci a kafaɗu biyu. Maigidana ya tahi wurinsu dukansu, kowa ya ce zai zo shi faɗi abin da yag gani.

Ranar shari'a da hantsi nish shiga ɗaki nit tarar ya hiddo farar rigar kasuwa, tsohuwar ma, wadda bakin aljihunta ya fara zarewa.

Nic ce, "Wagga za ka sa?"

Yac ce, "Ita ta dace."

"Ana cewa kai bawa na, kai kuma za ka tahi cikin rigar bayi? Ai ka taya su."

"Ba rigar bayi ta ba. Rigar mai roƙo ta. Baba mai igiya zai zo, kin san abin da ke jikinai."

Nic ce, "Mi ya haɗa ka da jikinai? Gaskiya zai faɗi, ba sadaka zai ba ka ba. Ka sa babbar, alƙali shi gani da idonai. Wane bawa ke da aska takwas?"

Yag girgiza kai, yac ci gaba da warware farar. Nan ne nif faɗi maganar da har yau nike jin ta cikin bakina. Nic ce, "Sau uku babana yat tambaye ka. In kah hita cikin wagga riga, zan san kai ma ba ka tabbata da amsar da kab ba shi ba."

Ya daɗe shina dubana. Bai yi hushi ba, da ma ya yi. Yan ninke farar yam mai da ita adaka, yac ce, "Ɗauko ta." Ni da kaina nis sa mashi, nig gyara mashi kafaɗu, nim miƙa mashi rawani. Da yah hita, matan unguwa sunka leƙo ta kan danga, ni kuwa ina biye da shi daga nesa, ina jin daɗi. Ba zan ɓoye ba, daɗi nij ji.

Zauren alƙali ƙofa biyu gare shi, duk a buɗe. Mata kan zamna gindin bango ta waje, wurin masu sai da hura, kuma daga nan ana jin kome. Tsohon ya riga mu zuwa, shina zamne kan dakali da sandatai. Maigidana yat tuɓe takalmi yad durƙusa gaishe shi, rigar tab bazu a ƙasa har tat taɓa ƙafar tsohon. Na ga sa'ad da yaj janye ƙafar.

"Baba, an kwana lahiya?"

"Lahiya lau." Yam miƙa hannu yak kama bakin hannun rigar, yam murza tsakanin yatsu. "Tsamiya ta?"

"Ita ta, Baba."

"Ikon Allah. Ni na zaci wani basarake na yaz zo. Har na fara neman inda zan durƙusa."

Ɗan marigayin na tsaye gehe da mutanenai. Yay yi dariya yac ce, "Baba, ka ga abin da nike faɗi? Dukiyar babanmu ta ke yawo kasuwa da ƙafahunta. Kai da kaz zamna da shi bango ɗaya shekara da shekaru, ya taɓa ɗinka maka ko hula?"

Tsohon yas saki hannun rigar, yag goge yatsunai a gwiwa.

Da anka shiga, liman yaf faɗi nashi tsaf: ranar Jumma'a ce, bayan an sauko masallaci, ga inda kowa yaz zamna, ga abin da marigayi yac ce. Alƙali yaj juya wurin tsohon.

Tsohon yag gyara zama, kana yab buɗe baki.

"Allah gafarta malam, na tsufa. Na tuna an tara mu, na tuna an raba goro. Ko na suna ne, ko na wani abu, ban riƙe ba."

Liman yac ce, "Haba Malam! Kusa da ni kake zamne. Kai ma kash shafa fatiha."

"To, kai ka tuna. Ni ban tuna ba. Ba ni rantsuwa kan abin da ban riƙe ba."

Alƙalin ba mugu ba ne, wannan kam zan faɗa. Yac ce shaida ɗaya ba ta isa, amma ya ba da kwana bakwai, ko tsohon shi tuna, ko a samo wani.

Munka koma gida ni da maigidana. Yat tuɓe rigar, yan ninke ta yadda yas saba, hannu cikin hannu, yas sa taguwa yaz zamna gindin rumbu. Kwana biyun da sunka biyo ya tahi Rabah, ya tahi Gandi, shina neman ko akwai wani da yaj ji labarin daga bakin marigayi. Waɗanda sunka ji, ji kawai sunka yi, ba su zamna zauren ba.

Rana ta huɗu nid ɗaura zanen da ya hi kowane tsufa a ɗakina, nit tahi gidan tsohon. Ban taɓa durƙusa ma wani namiji ba in ba babana da mijina ba, ranar na durƙusa. Shina zamne shina tuhka, igiyar naɗe a babban yatsan ƙafatai.

Nic ce, "Baba, laihina ne. Shi fara yaɗ ɗauko. Ni nit tilasta shi."

"Wace fara?"

"Riga, Baba. Ni nis sa shi ya sa waccan."

Bai ɗago ba. "'Yata, wa yay yi maganar riga? Kowa ya sa abin da Allah yab ba shi. Ni mantuwa ce tak kama ni."

"Ɗiya biyu gare mu, Baba. Ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba."

"Ɗiyanki 'ya'ya na, ke sunka biyo, ba mai taɓa su." Yat toha miyau a tahin hannu yac ci gaba da murza. "Ki tashi, ƙasa na ɓata miki zane. Mutum mai aska takwas ba ya rasa manyan da za su tsaya mashi. Mi zai yi da bakin mai igiya?"

Na zamna nan har rana tat take. Da nit tashi, sai da niz zage shi, shi da gidansu da jihadin ubanai, da ƙarhi, maƙwabta na ji. Wataƙila da ban yi ba, da kahin kwana ukun da sunka rage zuciyatai ta sauko. Wannan ban sani ba, kuma na bar tambayar kaina.

Rana ta bakwai maigidana yas sa farar, ba rawani. Tsohon bai zo ba, anka ce ciwon baya ya kwantar da shi. Alƙali yas sa ɗan marigayin yar rantse, yar rantse kuwa, ko ido bai ƙihta ba. Shi ke nan. Tun da abin da bawa yam mallaka na ubangijinai ne, da la'asar sunka zo sunka kwashe adakar da duk abin da ke ciki. Na ce zaren nawa ne, sunka ce in kawo shaidu.

Mutum ba ya rabuwa tsakanin magada tara, sai an sai da shi. Dillalan Wurno abokan cinikinai sun so su haɗu su fanshe shi, ɗan marigayin yaƙ ƙi. Ba ya son shi riƙa ganinai cikin gari. Yas sai da shi ga wasu fataken gishiri da za su koma arewa.

Da hantsi sunka tashi. Na goya ƙaramar, na ja babbar, munka bi su har mashigin gulbi. An ɗaura mashi warki na fata, kafaɗunai a waje. Shekara goma sha ɗaya muna tare, ban taɓa ganin rana ta taɓa bayanai a bainar jama'a ba. Madugun ya bar mu munka yi magana sa'ad da ake ɗora ma raƙuma kaya.

Nic ce, "Maigida, ka yahe mani."

Yac ce, "Ki sa a sake jinkar ɗaki kahin ruwa shi sauka, ta gabas ta ruɓe. Geron da ke rumbu kada ki sai da ko dami ɗaya, zai kai ku kaka in kin yi hankali."

"Na ce ka yahe mani."

"Na ji, 'yar masunta. Ni ne dillalin, ni nis san abin da ya dace, kuma ni nis sa hannuna ciki." Yad dafa kan babbar. "Ki kai su Goronyo su san kawunnansu."

Anka kira shi. Yash shiga ruwa riƙe da akalar raƙumi, ruwan ya kai mashi ƙirji. Da sunka haye bai waiwayo ba, ko kuwa ya waiwayo ban gani ba, don ƙaramar ta fara kuka ina jijjiga ta.

Na sake jinkar. Geron ya kai mu kaka. Ɗiyan sun girma, na aurar da su, yanzu jikokinsu ke ɗebo mani ruwa. Duk shekara in ayarin gishiri yas sauka, na kan tahi zango in yi tambaya. Wani ya taɓa ce mani ya ga mai kama da shi shina jan guga a wata rijiya bayan Adar, wani kuma yac ce wancan gurgu ne, ba shi ba ne. Maza uku sunka nemi aurena, na kore su. Takaba ma ban yi mashi ba, don ban san ranar da zan fara ba.