Daɓen da na yi wa jikana

Jikana na wajen ɗana na biyu bai taɓa tsayawa da ƙafafunsa ba. Da tafin hannu da jan gindi yake zagaye gida, kuma ya fi ni sauri. Maganarsa ba ta da yawa, amma ya iya ce mini Tsoho, ni kuma in ce masa Aboki.

Daminar bara waccan zawo ya sa shi gaba, ya tafi ya dawo, har wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako. Muka kai shi asibiti a Safana bisa babur. Malamar asibitin ta buɗe tafin hannunsa, ta tambaye ni ko akwai dabbobi a cikin gidanmu. Na ce awaki ne kawai, da tumaki, da kaji, sai jaki in ya ga dama. Ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Baba, hannun nan shi ne takalminsa, shi ne kuma cokalinsa. A raba shi da kashin dabbobi."

A fitar da su ina? Duk mutumin ƙasar Batsari ya san makomar akuyar da aka ɗaure a waje a shekarun nan. Ni dai boko ban yi nisa ba, na gudu tun malamin bai riƙe sunana ba, amma ina da dabara, kuma dabarata ce ke wahalar da ni tun ina yaro. Na ce zan yi masa daɓe daga ƙofar ɗakin uwarsa har zaure, ƙasa mai santsi da za a share a wanke.

Uwargidana ta tuna mini cewa daɓe aikin mata ne, kuma matan da suka iya sun tsufa. Na ce ai ni ma na tsufa. Na yi jigilar tsakuwa da jaki, na jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ke sa daɓe ya yi ƙarfi, na duƙa ina bugu. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana tambaya ko in na gama a kawo mini turmi da taɓarya. Bayana ya riƙe, sai da na yi sallolina a zaune.

Kafin ya bushe awaki suka bi ta kai, suka bar mini sawun kofato tun daga farko har ƙarshe. Na sake. Na kewaye su da dangar kara, suka cinye dangar. Na sari itace na kafa, sannan suka haƙura.

Ranar da daɓen ya bushe na ɗauko Aboki na ajiye shi a tsakiya, ina jiran godiya. Ya shafa ƙasar, ya dube ni, ya sauka daga kai ya ja gindi sai garke. Ya zura hannu ta tsakanin itatuwa, wata jar akuya ta zo tana lasarsa. Ashe duk tsawon lokacin nan ba su ke zuwa wurinsa ba, shi ke zuwa wurinta. 'Yan'uwansa suna makaranta, ko gona, ko ƙwallo. A gidan kaf ita kaɗai ce idonta ke daidai da nasa.

Na ɗauke shi, ya koma. Na tare hanya da tsohuwar ƙofa, ya ƙi abinci, ya riƙa buga goshi a kan daɓen nan nawa har ya kumbura. Kakarsa ta tallafe shi, ta ce mini, "Malam, ka gyara masa ƙasa, ka kore masa abokiya. Da wa kake so ya yi hira, da tsakuwa?"

Haka na sake duƙawa na ja daɓen har bakin garke. Na fito da jar akuyar ita kaɗai, na kafa mata turke a gefe da gajeriyar igiya. Sharaɗin da uwar yaron ta kafa shi ne duk abin da akuyar ta zubar ni zan kwashe, kuma ba ya cin komai sai na wanke masa hannu da sabulu.

Zawon ya ragu, amma bai bar mu ba, ko watan jiya sai da muka koma Safana. A majalisa yanzu Sarkin Shara suke kirana. Akuyar kuwa ba ta sakin komai sai ta ga na jingine tsintsiya. Tana saki, Aboki ya nuna da yatsa, ya ce, "Tsoho." Sai in tashi.