Lurwanu Mai Sauraren Ƙasa

Wani dare bayan isha'i na ji gurnani ta bangon ɗakina a unguwar Utaibiyya, kamar kukan cikin raƙumi. Na ƙwanƙwasa wa maƙwabcina Lurwanu.

"Lafiya kuwa?"

"Shigo, ya ammi," in ji shi, wato baffa da Larabci. "Ƙasa ce ke magana."

Daga aiki ya ɗauko muryar a waya. Can gabashin ƙasar nan ana kama iskar kabon da masana'anta ke fitarwa, a tura ta ƙarƙashin duwatsu don kada ta ƙara wa duniya zafi. Karatuna bai yi nisa ba, amma binne iska! Ranar ban yi barci ba.

In yana can wurin aikin, da asuba Lurwanu ke fita ya bi layin wasu 'yan na'urori da aka binne a rairayi, waɗanda yake kira kunnuwa. Mota mai nauyi ta girgiza ƙasa, kunnuwan su ji amsa, masana su gane ko iskar tana inda aka ajiye ta. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta sulale ta taru a kwari, mai barci a wurin ba zai farka ba. A kwarin kuwa akwai makiyayi da iyalinsa da rijiyarsu.

Lokacin sauraro ba a motsi, don taku ɗaya na ɓata aikin. Idris, direban motar, ya rantse mini ya ga kunama ta hau ƙafar Lurwanu, bai ɗaga ba sai da aka ce an gama. Da raƙuman makiyayin suka tauna wayar kunnuwan, bai kai ƙara ba. Ya je wurin makiyayin ya sha gahawarsa, ya sa masa muryar ƙasa a kunne, ya ce, "Muddin ina nan, kwanta da 'ya'yanka." Tun ranar mutumin ke kewaye layin kunnuwan da garkensa.

Kai ne mai tafiya a hankali don wasu su yi barci, Lurwanu. Mun yi maka dariya, mun ce kana hira da aljanu. Ka yafe mana. Mun gode, Allah Ya saka.

Bana gwiwarsa ta gaza, ya ajiye aiki. Iskar kuwa ba ta san ritaya ba, an ce sai an saurare ta har jikoki. Samarinmu, ga aikin da ake yi da kunne da haƙuri, ku je ku koya.

Haka na faɗa a walimar ajiye aikinsa, samari suna ta danna waya. Sai Hajiya Saudatu ta gidan sama ta leƙo daga matakala.

"To shi mai raƙuman, an gaya masa Lurwanu ya dawo gida?"