Hannun da Baba Ya Hana

Gardamar ta girme ni. Duk ranar kasuwar Makarfi da kawuna ya zo daga Paki, shi da mahaifina sai sun tayar da ita a bakin teburin nama. Baba ya ce shekaru ne ke kayar da mutum a dambe, wanda ya daɗe yana shan naushi ya san ta inda naushi ke fitowa. Kawu ya ce salo ne, idan aka zo maka da abin da ba ka taɓa gani ba, shekarunka sai dai su raka ka ƙasa. Kawu manomi ne, bai taɓa naɗa hannu ba ko sau ɗaya, amma a baki babu ɗan damben da ya isa ya tsaya gabansa.

Mu mahauta ne, dambe gadonmu ne. Baba ya yi zamaninsa, hancinsa ma shaida ne. Ina shekara goma sha uku ya fara horar da ni: gudu zuwa rafi da sassafe, dukan buhun yashi, da tsayuwar da ake yi har cinyoyi su kama rawa. Hannun dama shi ake naɗewa da tsumma da zare ya zama na duka, na hagu a buɗe yake gaba yana kare fuska. Shekara bakwai na yi a haka, na kayar da samari a Ikara da Likoro, har na fara tafiya ina buɗe hammata.

Abin da ba a faɗa a gidanmu shi ne bahago aka haife ni. Ina yaro, da na kai hagu cikin akushi sai in ji ludayi a bayan hannu. Da abin ya ƙi, Baba ya riƙa ɗaure mini ita da ƙyalle lokacin cin abinci. Ba mugunta ba ce. Cewa yake ba mai sayen naman da aka yanka da hagu, kuma ba zai tura ɗa cikin mutane yana miƙa wa manya abu da ita ba. A hankali na koma cin tuwo da yanka da gaisuwa da dama, har ni kaina na manta.

’Yan shekaru bayan samun ’yancin kai, lokacin tutar makarantar garinmu ba ta ko koɗe ba, aka shirya wasa bayan an gama girbi. Aka ce akwai wani mai saran rake daga Kudan, bahago, kakar girbi biyu kacal ya yi a dambe. Dariya na yi. Da la’asar kalangu ya ɗauka, fili ya cika har kan rassan mangwaro, na fito na yi kirari mai tsawon da ya fi damben da ya biyo baya. A dambe hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an kashe ka ke nan. Ni kuwa gaba ɗaya na taɓa ta. Ina tsare ƙofar da na saba tsarewa, naushi ya shigo ta ɗaya gefen, na farka ina kallon ƙafafun mutane.

Kunya ta fi naushin zafi. Baba bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce bayan kwana bakwai akwai wasa a Kudan. Idan ɗan kaka biyu ya sake kayar da ni, in dawo masa da zarensa in koma tebur, na gama dambe. Zaren nan shi ya yi zamaninsa da shi, kuma ranar da ya ba ni ita ce ranar da na fara jin ni ma mutum ne.

Maganin da Baba ya sani ɗaya ne, a ƙara horo. Ya ninka gudu, ya ninka buhu. Ana nan Kawu ya zo, ya ja ni bayan gida kamar zai yi mini jaje. Muna cikin magana sai ya wurgo mini goruba a fuska ba zato. Na cafe. Ya tsaya yana kallon hannun da na cafe da shi, ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

“Shekara bakwai kana dambe da hannun aro,” in ji shi.

Na ji haushinsa ƙwarai, don na san gaskiya ya faɗa. Sauran kwanakin, da Baba ya tafi mayanka sai in juya in gwada buhu da hagu. Ƙarar da take yi daban ce, har kajin gida ke watsewa.

Ranar wasa ni da Baba da Kawu muka hau bayan motar rake zuwa Kudan. Filin kusa da inda ake dafa mazarƙwaila yake, ƙanshinta ya cika ko’ina. Baba ya zaunar da ni a gindin ɗorawa, ya warware zare, ya miƙo hannu yana jiran dama. Na ba shi hagu. Ya dube ta, ya dube ni, ya waiwaya ya harari Kawu, wanda nan take ya shiga kallon sama.

“Wannan fa?”

“Baba, da ita aka haife ni. In za a kayar da ni, a kayar da ni da tawa.”

Ya yi ta juya zaren a hannunsa har na fidda rai. Sannan ya kama wuyan hannun ya fara naɗi. Bai taɓa naɗa hagu ba, sau biyu yana juya zaren ta inda bai dace ba yana warwarewa. Da ya ɗaure bakin zaren ya ce kada in manta ƙafafuna, su dai shi ya koya musu.

Da na shiga fili aka ga hannun da ke naɗe, sai wurin ya kaure. Makaɗin ma ya ɓata kiɗa ya sake kamawa. Na dubi mai saran rake na ga abin da ban zata ba: shi ma ya rikice. Ashe duk wanda ya taɓa karawa da shi na dama ne, bai taɓa tsayawa gaban bahago ɗan’uwansa ba.

Turmin farko na sha wuya. Damata ba ta iya tsaro ba, so take ta kai duka, mai saran rake ya sauke mini ɗaya a kunne har na ji ƙaho na busawa a kaina. Gwiwata ta yi laushi amma ba ta kai ƙasa ba, tsayuwar nan ta shekara bakwai ta riƙe ni. Aka raba mu, aka sake haɗawa. A turmi na biyu na lura yana ɗaga kafaɗa kafin ya kawo sara, kamar mai sare rake. Na bari ya ɗaga, na goce taki ɗaya kamar yadda Baba ya koya mini sau dubu, hagu kuwa ba ta jira izinina ba. Ya zauna daɓas, ya dafa ƙasa da hannu biyu.

Wallahi ban san lokacin da aka ɗaga ni sama ba. Kalangu kamar zai tsage, huluna na tashi, wani tsoho yana tura mini kara guda na rake a hannu. Daɗi ya cika ni har ina dariya ina hawaye. Daga can sama na hango Kawu yana ihu yana cewa salo ne, Baba kuma ya riƙe masa riga yana nuna ƙafafuna yana cewa shekaru ne. Har suka bar duniya ba wanda ya sakar wa wani.

Da hayaniya ta lafa muka koma gindin ɗorawa. Baba ya warware zaren a hankali, ya daɗe riƙe da hannun yana murza mini yatsu, hannun da ya sha ludayinsa. Sannan ya naɗe zaren ya sa mini a cikin tafin, ya rufe yatsuna a kai. Aka kawo mana tuwo a akushi ɗaya, muka wanke hannu.

“A fili na yarda da ita,” ya ce. “A akushi kuwa, in na gan ta sai na karya ta.”

Na kai dama cikin tuwo. Hagu tana kan cinyata riƙe da zaren, ban sake shi ba har muka isa Makarfi.