Verl Ya Share Yayansa

Verl Orton makiyayin tumaki ne kafin gwiwa ta ci amanarsa. Daga nan ya kama aikin shara a Cedar Breaks, can kan tsauni, inda ƙasa ta tsage ta bar duwatsu ja da ruwan goro da shunayya tsaitsaye cikin ƙaton rami. Da ƙanƙara ta saki hanya sai baƙi su hauro daga Las Vegas, numfashi ya gagare su, su yabi duwatsun, su amayar da karin kumallo a gindin shinge. Verl ya biyo da bokiti.

Amai bai dame shi kamar toka ba. Mutanen birni kan ƙona mamatansu, su kawo su cikin gwangwani su watsa a bakin ramin. Da rana kuwa iska daga ƙasa take tasowa. Mamaci ya dawo ya sauka a gashin 'ya'yansa da burodin wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, saura Verl ya share. A Parowan, garinsu, kabari ake haƙa wa mutum kusa da iyayensa, a koma coci a ci dankali da cuku.

Ana nan sai yayansa DeLoy ya rasu a Las Vegas. Matar marigayin, Charlene, ta aiko cewa tana tafe da azahar, da gwangwani.

"Ƙanin miji, saki fuska mana," in ji ta a bakin shinge. "Shi ya ce a watsa shi nan."

"Ai ya ce zai daina sigari ma. Matar Yaya, akwai wuri kusa da Mama, shi aka bar wa."

"Mama ta sha zama da shi. Matsa."

Verl ya dubi gefen hularta yana ɗagawa sama. Da ya so, da ya ce ta bari sai da sassafe, lokacin da iska ke gangarawa. Sai ya matsa, ya gyara riƙon sabuwar tsintsiyar da ya saya jiya.

Ta juye gwangwanin. DeLoy ya yi kamar zai tafi, ya fasa.

"Ko a mace sai ya shigar mini ido," ta ce tana tari. Ta kakkaɓe rigarta ta nufi mota.

Verl ya durƙusa a kan gwiwar da ba ta son durƙuso, ya tattara yayansa daga dakalin bakin shinge, tare da ɓawon 'ya'yan furen da baƙi ke ci kamar gyaɗa, da cingam, da abin da bai so ya duba ba. Ranar Asabar aka binne shi kusa da Mama.

Limamin coci ya jinjina akwatin, ya rage murya. "Ɗan'uwa Verl, duk wannan DeLoy ne?"

"Yawanci," in ji Verl. "Sauran, ko su wane ne, sun samu kabari."

Bai ci dankalin ba. Yana bayan coci yana wanke hannu.