Ranar da Baba Ya Koma Tabarma

A shekarun da babura suka cika ƙauyukanmu, wata al'ada ta shigo gonakin Zurgu. Duk wanda ya ɗauki 'yan ƙwadago, bayan fura da goro sai ya haɗa musu da ƙwayar tiramol, wai maganin gajiya. Ranar kasuwa ake kawo ta a ɓoye cikin kwalin sabulu. Baba, wanda ko karan sigari bai taɓa riƙewa ba, shi ma ya saya. A ganinsa kyautatawa ce, kamar ka ƙara wa baƙo nono a fura.

Da zazzaɓi ya kayar da shi a tsakiyar damina, ni na raka shi asibiti da hantsi. Ɗakin maza ya cika maƙil, da yawansu majiya ƙarfi ne da ƙwaya ta kwantar. Ma'aikaciyar jinya ɗaya ce tal, ga tsohon ciki, tana ta safa da marwa. Da ƙyar ta samar wa Baba gadon ƙarshe ta sa masa ƙarin ruwa. Ni kuwa bakina bai huta ba, ina ta tsine wa masu sha da masu sayarwa.

Ba a jima ba aka shigo da wani magidanci ranga-ranga, yana fizge-fizge, matarsa na biye ko takalmi babu. Baba ya ɗaga kai ya gane shi. Shi ne ya yi masa noman dawa a makon nan.

Sai na ga Baba yana sauko da ƙafafunsa.

Na ce, "Baba, ina kuma za ka? Wallahi ba ka tashi!"

Ya ce, "Shimfiɗa min tabarma, uwata. Da hannuna na ba shi ƙwayar nan guda biyu."

Ma'aikaciyar ta ce, "Malam, jikinka fa da zafi sosai."

"Na sani, 'yata. Rataya min ruwan a ƙusar can."

Na shimfiɗa ina ƙunƙuni, raina a ɓace, tausayinsa kuma ya cika ni. Aka kwantar da mutumin a gadon, Baba kuwa kwana uku ya yi a ƙasa. Duk sanda mutumin ya motsa, Baba zai miƙa hannu ya gyara masa mayafi.

Rana ta uku mutumin ya farfaɗo. Ya leƙo ya ga Baba, ya ce a hankali, "Malam, ka yi haƙuri, saura gefen rafi ban ƙarasa maka ba."

Baba ya kama hannunsa ya ce, "Bar shi, ɗana. Gara ciyawa ta cinye."