Akwatin Gilasan Yaya Bello

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Bello, kuma har yau ban yafe wa kaina abin da na yi wa akwatinsa ba.

Bello karatun ƙwaƙwalwa ya yi a jami'a. Ya dawo Kontagora da akwatin katako cike da 'yan gilasai, kowanne ɗauke da yankin saman ƙwaƙwalwar ɓera, sirantakarsa ta fi ta ɓawon albasa. Wahalar shekara shida ce a ciki. Aikin bincike bai samu ba, ya ƙare a koyarwa a wata sakandare ta hanyar Nasko.

Wata rana ya aro madubin asibiti mai ƙara girman abu, ya ɗora gilashi ɗaya a ƙarƙashinsa, ya sa ni leƙawa. Na ga rassa, jikinsu duk 'yan ƙayoyi, wasu sirara, wasu da kai kamar ƙusa.

"Hadiza, a kan kowace ƙaya wata ƙwayar ƙwaƙwalwa ke miƙa wa 'yar'uwarta saƙo," in ji shi. "Ba sa ma taɓa juna, akwai ɗan rata tsakani. Abin da kike yawan tunawa, ƙayarsa ƙiba take yi. Wanda kika watsar, sai ta bushe ta faɗi."

Na ce masa ya nemi aikin da ake ci da shi.

Gari ma bai raga masa ba. Aka yi ta yaɗa cewa yana ajiye ƙwaƙwalwa a ɗaki, ba wanda ya tsaya tambayar ta mene ce. Da ya rasu, bayan sadakar uku Baffanmu ya kira ni. "Ki ɓatar da kayan nan kafin a ce gidanmu na tsafi ne." Ban yi musu ba. Da hannuna na juye su a masai, ina jin ƙarar fashewarsu.

Da Bello zai leƙo yau, da ya ga masu zaginsa suna fafutukar cusa 'ya'yansu karatun likita. Ban san ko dariya zai yi ba. Ni dai takaici nake ji.

'Yata Rabi ma likitanci take karanta. Watan jiya ta nuna min ƙayoyin nan a wayarta. "Mama, ashe wannan ne aikin Kawu. Malaminmu ya ce in kawo gilasan ya gani. Suna ina?" Na ce sun ɓace lokacin gyaran gida.

Muryar Bello ta fara gushe min, kuma na san dalili, shi ya faɗa min. Ƙarar gilasan nan kuwa kullum sabuwa take a kunnena. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Rabi, na san kina karanta jaridar nan. Ba ɓacewa suka yi ba.