Kaza ta Takwas a Kwandon Mama Rifkatu

Ni na yi laifin, kuma babu wanda ya sa ni. Na fara da wannan ne don kada wani a cikinku ya ji labarin ya ce ai gajiya ce, ko yawan aiki. Gajiyar kam akwai ta, amma wuƙar a hannuna take.

Sunana Haruna. Shekara goma sha tara ke nan ina yankan kaji a kasuwa nan Jalingo. Ku da kuka shigo sana'ar kwanan nan kun sha jin ina yi muku faɗa a kan kwandon da aka bari a rana, har wasunku suna cewa na cika mita. To ga dalilin. Akwai wata ranar Alhamis, shekara uku da suka wuce, saura kamar mako biyu Kirsimeti, wadda har yau ba ta fita daga raina ba.

Ga wanda bai san aikinmu ba, haka yake. Mai kaza ya saya a kasuwa ko ya kawo daga gida, ya miƙa mana. Mai yanka, wato ni, ya fuskanci alƙibla, ya take ƙafafu da fikafikai, ya yi bisimilla, ya yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya, ya jefa ta cikin duro ta gama shure-shurenta. Daga nan masu figa su tsoma ta a ruwan zafi, su fige, su cire kayan ciki, su yayyanka yadda mai ita yake so. Dokar da ba a wasa da ita guda ce. Kazar da ta mutu kafin wuƙa ta taɓa ta mushe ce. Sai a ajiye ta gefe da gashinta, a nuna wa mai ita, sannan a jefar.

Da Disamba ta kama, garin nan sai ya sake. Keke Napep ya cika titi, waɗanda ke aiki a Abuja da Legas su fara dawowa gida, ofisoshi su yi ta walimar ƙarshen shekara, ga bukukuwan aure, ga taron coci kusan kullum. Duk waɗannan kaza suke ci. Muna fitowa bayan asuba, ba ma zama sai magariba. Yatsun masu figa su yi fari su saɓule, ni kuma bayana ya riƙe, in na sunkuya ba na miƙewa sai na dafa gwiwa. Warin jiƙaƙƙen gashin kaza ya kama jiki, har matata takan ce in ajiye rigata a zaure.

Wajen ƙarfe goma na wannan safiya Mama Rifkatu ta sauka daga keke da kwando. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, mutuniyar Zing, tana zaune a unguwar Sintali. Kajin gidan gona take kiwo a bayan ɗakinta, kuma kusan shekara goma ni nake yanka mata.

Ta ce, “Malam, wuƙar nan ta ga dutse yau kuwa, ko da baki za ka yanka?”

Na ce, “Mama, ai ko sa kika kawo za ta wuce.”

Ta ce, “Takwas ne. Na taron waƙoƙin Kirsimeti ne, jibi Asabar. Matan zumunta ne suka ɗora mini girki kamar ni kaɗai ce mai tukunya. Kada ka bar su a rana, sun yi ƙiba, ba sa jure zafi. Bari in shiga in sayo shinkafa da mai.”

Na ja kwandon zuwa bakin rumfa inda inuwa take. Tana juya baya sai ga wani mai yi wa otal sayayya da kaji sittin a bayan mota. Layin Mama ne, amma shi babban ciniki ne kuma yana sauri, sai na sa shi gaba. Na ce a raina minti talatin na gama. Sai da na yi fiye da awa biyu.

A tsakiyar aikin Bappa Umaru, shugaban masu figa a rumfarmu, wanda ya girme ni da shekara ashirin, ya ɗago ya ce, “Haruna, inuwa ta bar kwandon matar nan.”

Na ce, “Ina zuwa, Bappa.” Ban je ba.

Sai bayan azahar na buɗe kwandon. Bakwai suna haki, baki a buɗe. Ta takwas tana ƙasa, sauran sun danne ta, wuya a lanƙwashe, ido a rufe. Da ɗuminta. Na girgiza ta, na hura mata iska, na yayyafa mata ruwa. Ko motsi.

Na san abin da ya kamata in yi. Amma in na nuna wa Mama za ta tambaye ni yadda aka yi, kuma amsar ita ce na bar kajinta a rana bayan ta gargaɗe ni da bakinta. Mutane cike da rumfa, kowa zai ji. Sai zuciyata ta ce, ai ta coci ce, su ba ruwansu da yanka, kuma bai fi minti goma da mutuwarta ba.

Na take ta, na sa wuƙa. Har bisimilla na yi, wannan ne ya fi ci mini rai. Jinin bai yi tsartuwa ba, ɗiga ya yi, baƙi-baƙi. Na jefa ta cikin duro tare da wata mai shure-shure don ƙarar ta rufe.

Da Bappa ya zo kanta ya ɗaga ta, ya duba wuyan, ya dube ni.

Ya ce, “Wannan ba ta yi jini ba.”

Na ce, “Ta coci ce, Bappa.”

Ya ajiye ta a kan teburi ya ɗauki wata. Ni na fige ta da hannuna, na yayyanka, na cuɗa namanta cikin sauran.

Mama ta dawo da ɗan dako a bayanta. Ta buɗe ledar ta ƙirga ƙundu kamar yadda ta saba, don takan ce masu figa ba sa barin ƙundu ya kai gida. Ta ce, “Takwas. Yau kun ji tsoron Allah.” Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Gaskiya zan faɗa muku, kwana biyu na manta. Aiki ya rufe ni. Sai saura kwana huɗu Kirsimeti ta sake zuwa da kaji uku na gidanta, wai gara ta sa a firji kafin cunkoso. Ta zauna a kan benci tana fifita da gyale, fuskar nan tata a sake.

Ta ce, “Malam, bari in ba ka labari. Ka san maƙwabciyata Goggo Dudu, Bafulatanar da katanga ɗaya ta raba mu?”

Na ce ban san ta ba.

Ta ce, “Shekara goma sha ɗaya muna tare. Duk Kirsimeti in aika mata abinci, ta karɓa ta yi godiya, washegari a dawo mini da kwano a wanke. Amma na sani ba ta taɓa ci ba. Ban taɓa yi mata magana ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. To bana ta faɗi ta karye a ƙugu, ni nake shiga safe da yamma ina juya ta, ina wanke mata jiki. Ranar Asabar da na gama girkin taro na zuba mata shinkafa da nama na kai da kaina. Ta daɗe tana kallon kwanon. Can ta ce, Rifkatu, wa ya yanka? Na ce Malam Haruna na kasuwa, shekara goma shi yake yanka mini, a gaban idona yake kallon gabas. Ta ce a miƙo mata ruwa ta wanke hannu.”

Mama ta yi dariya ta goge ido da bakin gyale. Ta ce, “Ta cinye tas, har ta ce yaji ya yi kaɗan. Shekara goma sha ɗaya, Malam. Sai na ce dole in zo in gaya maka, don da sunanka ta ci.”

Na ce, “Madalla, Mama.” Na yanka ukun, kowacce sai da na tsaya na ga jininta ya fita sosai. Bappa yana gefe, ya ji komai.

A wajen alwalar la'asar ya zauna kusa da ni. Ya ce, “Wanda ya ci bai sani ba, babu laifi a kansa, haka muka ji daga malamai. Tsohuwar ba ta da komai. Amma Mama Rifkatu ta ba da shaida a kanka.”

Na ce, “Ɗaya ce cikin takwas, Bappa. Wataƙila ma ba ita aka zuba mata ba.”

Ya ce, “Tukunya nawa aka ɗora?”

Ya gama wanke ƙafa ya tashi.

Kwana biyu ina juya abin. In na yi shiru, Mama tana da farin cikinta, Goggo tana da natsuwarta, ni ma ina da mutuncina. In na yi magana, duk ukun na iya zubewa. Amma duk kazar da na take sai in ji maganar nan, da sunanka ta ci. Ranar ashirin da uku ga wata, ranar da ta fi kowace ciniki, na miƙa wa Malam Isa na rumfar gaba wuƙata bayan la'asar, na sayi kaza ɗaya mai rai, na hau keke zuwa Sintali.

Na tarar da gidan a hargitse. Ana shafa wa bango fenti, jikoki mata suna zaune ana yi musu kitso, ita kuma tana tsakar gida tana suyar cincin. Ta ga kazar ta ce, “Malam, yau kai ne da kawo mini? Ko gaisuwar Kirsimeti ce?”

Na durƙusa na faɗa mata komai, har da mai kaji sittin, har da abin da na ce wa Bappa. Ba ta katse ni ba. Ta kwashe cincin ɗin da ke wuta, ta tsane, ta zuba wani.

Can ta ce, “Ta coci ce.”

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, “Wa ya gaya maka mu muna cin mushe? Mu ma ba ma ci. Mata da yara fiye da hamsin suka ci abincin nan. Su ba mutane ba ne?”

Na ce, “Mutane ne, Mama.”

Ta ce, “Da ka faɗa mini ranar, da na yi maka faɗa na minti biyar na tafi da bakwai. Shi ke nan fa.”

Na tura mata kazar. Ta ce in riƙe abata. Ta juya cincin. Sannan ta ce, “Jibi zan kai mata abinci. Za ta ce wa ya yanka. Me zan ce mata?”

Na ce, “Mama, ba sai ta sani ba. Ita ba ta da laifi ko kaɗan.”

Ta ce, “Ni zan riƙa juya ta safe da yamma, tana kallona, da wannan a cikina? Ni na ce mata a gaban idona kake yi, alhali ranar ina wajen masu shinkafa. Ka ga ni ma na ƙara da nawa. Tashi.” Ta janye itacen wuta, ta ce wa 'yarta ta kula da man, ta gyara ɗaurin zani.

Kafin in faɗa muku abin da na ce a gidan Goggo Dudu, ku ji yadda abin ya ƙare. Tun ranar Mama ba ta sake kawo mini kaza ba. Wajen Malam Isa take kaiwa, kuma ba ta motsawa sai an gama. In ta wuce takan gaishe ni, ba ta ƙi ba. In na bi ta layinsu nakan gan ta ita da Goggo a kan tabarma ɗaya a ƙofar gida. Ko kwano yana tsallaka katangar, ko ana cin abin da ke ciki, ban sani ba, kuma ba ni da bakin tambaya. Ku dai ku riƙe wannan. Masu kawo mana kaza a watan nan, da yawansu suna da wuƙa a gida, sun kuma iya yanka. Suna hawa keke su zo su bi layi a rana ne don maƙwabci ya ci hankalinsa kwance. Wanda zai ci ba ya nan lokacin da kake yanka, kuma ba zai taɓa iya dubawa ba.

Mama ta yi sallama muka shiga. Goggo Dudu tana kwance a kan katifa a baranda, an tokare mata baya da matashi, carbi a hannu. Ƙaramar tsohuwa ce, ba ta kai yadda na zata ba.

Mama ta ce, “Goggo, ga Malam Haruna mai yanka. Yana da magana.”

Tsohuwar ta yi murmushi ta ce, “Kai ne malamin nata? Sannu da aiki, ɗana. Allah ya yi albarka.”

Na cire takalmi na durƙusa nesa kaɗan. Kazar tana hannuna har lokacin, ban san inda zan ajiye ta ba.

Na ce, “Goggo, ki dakata da sa albarka sai kin ji. Naman da aka kawo miki ranar Asabar, a cikin kaji takwas ɗaya ta mutu kafin in yanka. Ni na bar ta a rana, ni na sa mata wuƙa bayan ta mutu, ni na cuɗa ta da sauran. Mama ba ta sani ba sai yanzun nan, kuma tana ji ta ce in taso in faɗa miki. Ba ta yaudare ki ba, ni na yaudare ta. In za ki daina yarda da wani, ki daina yarda da ni, kada ki haɗa da ita. Na cuce ki, na cuce ta. Ku yafe mini don Allah.”